Dasa Haƙori Ga Wanda Ƙashin Muƙamuƙinsa Ya Zaizaye

Hakimai da malaman ofisoshinsu su kan sami masu tambaya a kan haƙoran da a ke dasawa a cikin ƙashi. Ga bayanin abin, da dalilin da ya sa ba kowane mai aikin haƙori ya ke iya yinsa ba.

Haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi ya ke kafe, kuma tauna ce ta ke riƙe da ƙarfin wannan ƙashi. Idan haƙori ya fita, sai gurbin ya riƙa zaizayewa, galibi ma a cikin shekarar farko. Wanda ya daɗe ba haƙora, ko aka yanke masa ƙari a muƙamuƙi, ko cutar noma ta ci masa fuska yana yaro, ya kan wayi gari ba sauran wurin da za a kafa kome. Masu fama da noma sanannu ne a ƙasar nan, har akwai asibitinsu a Sakkwato tun 1999.

Asalin dasawa irin ta zamani daga ƙasar Suwidin ne. A 1952 wani likita, Branemark, ya ga ƙarfen da a ke kira titaniyam ya manne da ƙashin zomo har ya ƙi fita. A 1965 ya dasa wa mutum na farko. Watau a kan huda ƙashi, a ɗaura ƙusa mai kamar sukuru, a bar ta wata uku zuwa shida ta kama, sa'an nan a ɗora haƙori a kanta.

To, idan ƙashin ya ƙare fa? A nan ne aikin ya ke zama na gwanaye. Wata dabara ita ce a ɗebo ƙashi daga kwatangwalon mutumin a yi ciko da shi. Idan ɓarnar ta yi yawa, a kan ciro siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyinsa na jini, a tanƙwara shi ya zama muƙamuƙi, a ɗinke jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubin likita. An bayyana wannan a Amurka a 1989. Wata dabarar kuma, a muƙamuƙin sama, sai a ƙyale ƙashin da ya zaizaye, a zura doguwar ƙusa mai kusan inci biyu ta kafu a ƙashin kunci.

Haɗarin kuwa ba kaɗan ba ne. Ƙashin kunci maƙwabcin ramin ido ne, ƙusa in ta kauce kaɗan sai ta taɓa shi. A muƙamuƙin ƙasa kuma akwai wata jijiya wadda in an ƙuje ta leɓe ya kan mutu, wani lokaci har abada. Saboda haka likita ba ya soma wannan aiki sai ya gama karatun haƙori na jami'a, ya ƙara waɗansu shekaru yana koyon fiɗar baki da fuska. Ya kan koyi karanta hoton ƙashi mai nuna kauri da zurfi, ya gwada hannunsa a kan ƙashin roba da gawa, ya daɗe yana taimakon babban likita kafin a sakar masa wuƙa. Kwas na kwana biyu ko uku, irin wanda masu sayar da kayan su kan shirya, ƙari ne ga wanda ya riga ya ƙware, amma ba ya mai da kowa gwani.

Ya kamata hakimai su gargaɗi talakawansu kada su ba da bakinsu ga masu cire haƙori a kasuwa. Mai bukata a tura shi asibitin koyarwa, sashen fiɗar baki da fuska, ya faɗa wa likita in yana shan taba ko yana da ciwon sukari, gama su biyun suna iya hana ƙusa kamawa.