Yadda na'urorin gwajin ruwa ke yaudarar masu amfani da su

A masana'antun ruwan leda da wuraren sayar da ruwan rijiyar burtsatse, ana yawan ganin wasu ƙananan na'urori masu kama da alƙalami, waɗanda ake tsomawa cikin ruwa su nuna lamba. Da wannan lambar ake yanke hukuncin ko ruwan ya cancanci a ɗura a kai kasuwa. Abin damuwar shi ne, na'urar da ta samu matsala ba ta mutuwa nan take. Takan ci gaba da nuna lamba, sai dai lambar ba ta gaskiya ba ce.

Ƙa'idar ingancin ruwan sha da Hukumar SON ta fitar a 2007 ta tanadi cewa awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kaifin kanwarsa, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, sannan narkakkun ma'adanai kada su wuce miligiram 500 a lita ɗaya. Kuskure kaɗan a na'ura ya isa ya sa a zubar da ruwa mai kyau, ko a sayar da marar kyau.

Na'urar pH ce ta fi kowace laulayi. A bakinta akwai ɗan ƙwan gilashi da ba ya son bushewa, ga shi zafin bazara da iskar hunturu kan busar da shi cikin kwanaki idan aka bar murfin babu ruwa. Alamar ita ce lambar ta riƙa yawo, ko ta daɗe ba ta tsaya ba. Maganin shi ne a jiƙa bakin cikin ruwan ajiya na musamman mai gishirin fotasiyam ya kwana, sannan a daidaita na'urar da ruwan awo mai lamba 7, a bi da mai lamba 4 ko 10. Da yawa kan ajiye ta cikin tataccen ruwa da tunanin ya fi tsafta, alhali shi ke tsotse gishirin da ke cikinta har ta lalace. Ba a goge gilashin da ƙyalle, ɗauraye shi ake yi. Ruwan awon da aka yi amfani da shi kuwa ba a mayar da shi kwalba, musamman mai lamba 10 da iska ke saurin ɓatawa. Idan duk da haka ta ƙi daidaituwa, bakin ya ƙare aiki, domin yawanci shekara ɗaya zuwa biyu yake yi.

Na'urar auna narkakkun ma'adanai, wadda aka fi sani da TDS, ƙarfin ratsawar lantarki cikin ruwa take aunawa. Wannan yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a duk digiri ɗaya na zafi, don haka ruwan baƙin tanki da ya sha rana zai iya nuna lambar da ta bambanta da ta asuba idan na'urar ba ta gyara lissafin da kanta. Ƙaramcin batir, kumfar iska da farin dattin da ke maƙale wa ƙarfenta su ne abubuwan farko da ake dubawa.

A na'urar auna gurɓacewar ruwa, wadda iyakarta 5 NTU, shatin yatsa ko ƙurar hunturu a jikin 'yar kwalbar gwaji ya isa ya ɗaga lamba. Gwajin kulorin ma yana da tarkonsa: ƙwayar DPD kan mayar da ruwa ruwan hoda, amma idan kulorin ya yi yawa sosai sai launin ya ɓace, mai gwaji ya ɗauka babu ko kaɗan ya ƙara zubawa. Sirka samfurin da tataccen ruwa a sake gwadawa shi ke tona asirin.

Ko da dukkansu suna aiki daidai, babu wadda ke ganin ƙwayoyin cutar kwalara ko taifod, kuma na'urar TDS ba za ta gano dalma ba, wadda iyakarta miligiram 0.01 ce a lita. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, inda ake kai samfurin cikin kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cutarta, a cikin ƙanƙara, kuma an fi so ya isa kafin awa shida.