Sanƙarau: Rahoton da Ya Isa da Wuri Shi Ke Ceton Gari

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe, hanci da maƙogwaro suka bushe, to lokacin sanƙarau ya yi, kuma ba ya sassautawa sai ruwan damina ya sauka. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta kwantar da su ba, tana bin tari da atishawa daga wannan zuwa wancan, musamman inda ake kwana a cunkushe cikin ɗaki marar taga. Ƙasashe 26 ne ke cikin yankin da take addaba, daga Senegal har Habasha, arewacin Najeriya da kudancin Nijar kuwa suna tsakiyarsa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000.

Ta yaya hukuma take gane annoba ta kunno kai? Da ƙidaya. Idan aka kawo mai zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, ma'aikacin lafiya zai rubuta shi, ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Daga nan labari ya wuce jiha, ya isa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Duk mako ake aika rahoton, ko da "babu" ce amsar. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: in aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, a shiga shiri, in sun kai 10, annoba ta ɓarke, a fito da rigakafi.

Ƙidaya kaɗai ba ta wadatar, domin ƙwayar iri-iri ce. Shi ya sa likita ke ɗibar ɗan ruwa daga gadon bayan majinyaci a kai ɗakin gwaji. Iyaye da dama suna tsoron wannan allura, alhali ita ce ke faɗin nau'in da ya shigo gari. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A, amma ba ya kare mutum daga nau'in C, wanda ya ɓulla a Zurmi ta jihar Zamfara a ƙarshen 2016. Labarin bai isa Abuja ba sai cikin Fabrairun 2017. Kafin a shawo kan cutar, an ƙirga masu ciwo fiye da 14,000, an rasa rayuka sama da 1,100. Makonnin da aka rasa a farko sun yi tsada ƙwarai.

Cutar kuma ba ta san iyaka ba. A ƙarshen 2022 ta tashi a yankin Damagaram na Nijar, a waccan kakar kuma Jigawa, maƙwabciyarta, ta fi kowace jiha a Najeriya yawan masu ciwo. Inda kasuwa ɗaya ce, aure da zumunci ɗaya, dole jami'an lafiya na ɓangarorin biyu su riƙa musayar labari. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da Men5CV, rigakafin da ke kare mutum daga nau'i biyar.

Duk wannan tsari daga gida yake farawa. Yaron da aka ajiye a ɗaki ana jiƙe-jiƙe, ko aka tsaya saya masa ƙwaya a kemis, babu shi a lissafi, ga shi sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya. Uwa, in jaririnki ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi, maɗigarsa ta kumbura, ki garzaya asibiti. Mai unguwa, liman, malamin tsangaya, mai kemis: in kun ga biyu ko uku sun kwanta da ciwo iri ɗaya, ku sanar da asibiti mafi kusa, ko ku kira 6232, layin NCDC na kyauta. Wanda ya kai majinyaci da wuri ya ceci nasa, ya kuma faɗakar da gari baki ɗaya.