Maganin Yawan Fitsari: Amfaninsa da Abin Lura

Jama'a, akwai wata cuta da ke damun mutane, musamman tsofaffi, amma kunya ta kan hana su faɗi. Fitsari ya kan matsa wa mutum farat ɗaya, ya tashi fiye da sau 8 a yini da dare, wani lokaci ma ya zubo kafin a kai makewayi. Dalili kuwa, mafitsara ce ke matsewa tun ba ta cika ba.

Tana da magani a asibiti. Amma sai likita ya auna fitsarin tukuna, don ciwon suga da tsargiya su ma su kan kawo irin wannan damuwa, maganinsu kuwa daban ne. Kada ku saya a kasuwa.

Ƙwayoyin da aka fi bayarwa su ne oksibutinin da tolterodin da solifenasin. Aikinsu shi ne su sassauta mafitsara. To, amma ba nan kaɗai su ke tsayawa ba, su kan busar da sauran jiki.

Baki ya kan bushe. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, a yawaita asuwaki, don busasshen baki ya kan lalata haƙora. Kada a daina shan ruwa don gudun fitsari. Shayi da goro za a rage, su ke tsokanar mafitsara.

Bayan gida ya kan yi tauri. A ci zogale da kuɓewa da wake da gwanda.

Wani ya kan ji jiri ko gyangyaɗi, ko ya riƙa gani dishi-dishi. Kada ya hau babur ko bishiya, kada ya ja ruwa a rijiya.

Zufa ta kan ragu. Wannan da haɗari a bazara, don zufa ke sanyaya jiki. A yi aikin gona da sassafe, a fake a inuwa da rana.

Ga alamu uku da ba a kwana da su a gida. Na ɗaya, mara ta cika tana ciwo amma fitsari ya ƙi fita. Tsofaffin maza waɗanda dama fitsari ke fito musu da ƙyar su aka fi ji wa tsoro. Na biyu, ido ya yi ja, yana ciwo mai tsanani. Na uku, tsoho ya rikice, ya kasa gane 'yan gida. Kada ku ce tsufa ne ko iskoki. Ku dakatar da maganin, ku kai shi asibiti, ku tafi da kwalin.

In wannan bai karɓe ku ba, akwai wani, watau mirabegron. Bai cika busar da baki ba, sai dai ya kan ɗaga jini, don haka lalle a riƙa awo.

Amfanin maganin ya kan kai mako 4 kafin ya bayyana sosai. Kada ku ƙara ƙwaya don gaggawa. Maigida, uwargida, ku sa ido a kan tsofaffinku, ku gaya wa likita duk abin da kuka gani.