Amsa-kuwwar da ake ɗora wa karatun Alƙur'ani

A watan Oktoban 2025 kamfanin Steinberg na Jamus ya saki kayan haɗa filogin na tsarin VST3 ga kowa ƙarƙashin lasisin MIT. A wajenmu an ɗauki labarin a matsayin harkar mawaƙa, alhali ya shafi alaramma kai tsaye.

Filogin ƙaramar manhaja ce da ake cusawa cikin babbar manhajar naɗar sauti, ta gyara murya ko ta ƙara mata amo. Tsarin filogin iri-iri ne: Steinberg ya fito da VST a 1996, Apple na da AU, Pro Tools ba ya karɓar komai sai AAX, CLAP kuma ta zo a 2022. Shi ya sa masu haɗawa ke jingina da manhajar JUCE: a rubuta sau ɗaya, har da fuskar maɓallan, a fitar wa kowane tsari nasa.

To, a dubi Madina. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani, wadda aka buɗe a 1984, tana da ɗakin naɗar karatu, kuma can aka ɗauki muryoyin Shaihu Ali Huzaifi da Ibrahim Akhdar da Muhammad Ayyub. Saurara ka ji: kowane harafi na fita daga mafitarsa. Garin ne kuma na Imam Nafi'u, wanda ya rasu a 169 bayan Hijira, malamin Warshu, mai ruwayar da almajirai ke rubutawa a allo daga Kano har Maraɗi. Ruwayar da ke da dogon maddi da sirantar da ra'un ba ta jure hayaniya.

Amma me muke turawa a WhatsApp? Yaro a situdiyo ya buɗe saitin da aka yi wa waƙa, ya murɗa maɓallin jinkiri har ƙurya, sai ka ji harafin ƙarshen aya yana dawowa sau uku. Shaihu Ibn Usaimin ya hana amon da ke maimaita harafi, domin ƙari ne a kan Littafi. Yaron bai yi da gangan ba. Komai a gabansa da Turanci yake.

Yanzu shingen lasisi ya faɗi. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero da mahaddatanmu da suka yi Jami'ar Musulunci ta Madina su zauna tare su haɗa filogin na tilawa, mai maɓallai da Hausa da Larabci, wanda zai tace ƙarar janareto kuma ya ƙi maimaita harafi. Hukumomin musabaƙa su biya kuɗin aikin.