Allon Tuƙi a Tsaye na Doguwar Tafiya: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Biya Kuɗi

Da yammacin 12 ga Agustan 2020, wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna, ɗaya mai shekara 23, ɗayar 17, suka hau allunan tuƙi a bakin tekun Furbo da ke yankin Galway a ƙasar Ireland. Niyyarsu su ɗan zaga kusa da gaɓa su dawo. Sai iska ta taso daga tudu tana tura su cikin teku. Suka yi ta tuƙi iya ƙarfinsu, amma gaɓar sai ƙara nisa take yi. A kan ruwa suka kwana, ga ruwan sama ga tsawa, masu ceto na ta nema ba a san takamaiman inda suke ba.

Sai washegari, bayan kimanin awa 15, wani masunci da ɗansa suka same su kusa da tsibirin Inis Oírr, sama da kilomita 25 daga inda suka taso. Sun ɗaure allunan biyu wuri guda, sun kuma kama robar alama da masunta ke ɗaura wa tarkonsu. Abu biyu suka taimaka musu: suna sanye da rigar kariya daga nitsewa, kuma ba su rabu da allunansu ba.

Wannan labari ya shafi duk wanda ya ga bidiyon wannan wasa a TikTok ko Instagram, ya ji sha'awa, har ya fara duba farashi a shagunan intanet. A bidiyo ruwa lumui yake, kowane allo kuma kyakkyawa ne. Amma allon da za a yi doguwar tafiya a kansa ƙaramin jirgin ruwa ne, kuma zaɓensa ya dogara ne da nauyin mai hawa, da irin ruwan da zai shiga, da iskar wurin.

Wane irin abu ne wannan allo?

Allo ne dogo mai shawagi, mutum ya tsaya a kansa yana tuƙi da dogon filafili guda ɗaya. A shaguna ana rubuta sunansa da haruffa uku, SUP. Tuƙi a tsaye ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin masu kwalekwale a Kogin Neja ko Tafkin Chadi, sai dai wasan na zamani daga tsibiran Hawai na Amurka ya fito. Masu koyar da baƙi hawan raƙuman ruwa a bakin tekun Waikiki ne suka riƙa tsayawa a kan allunansu da filafili tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce. A farkon shekarun 2000, Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi, daga nan ya bazu duniya.

Ba a daɗe ba aka fara nisa da shi. A lardin Friesland na ƙasar Holan ana yin gasar SUP 11-City Tour, tafiyar kilomita 220 cikin kwana biyar. Chris Bertish, ɗan Afirka ta Kudu, ya tashi daga Agadir ta Maroko a Disambar 2016 ya isa tsibirin Antigua a Maris 2017, kwana 93 yana tuƙi a Tekun Atilantika, a kan wani allo na musamman mai ɗan ɗakin kwana. Mai saye na yau da kullum ba wannan yake nema ba. Abin da yake so shi ne allon da zai kai shi kilomita 10 ko 20 a yini, da jakarsa da ruwan shansa, ya kuma dawo da shi lafiya.

Lambobi uku: tsawo, faɗi da lita

A jikin kowane allo akwai lambobi irin waɗannan: 12'6" x 30" x 6". Na farko tsawo ne da ƙafa da inci, na biyu faɗi, na uku kauri.

Allon da aka fi sayarwa shi ne na kowa-da-kowa, mai ƙafa 10 da inci 6, wato kusan mita 3.2, da zagayayyen baki. Yana da daɗin koyo, amma a doguwar tafiya yana gajiyarwa. Bakinsa tura ruwa yake yi maimakon ya tsaga shi, kuma saboda gajartarsa yana karkacewa, mutum ya yi ta sauya filafili daga dama zuwa hagu bayan 'yan tsomi kaɗan.

Allon doguwar tafiya, wanda shaguna ke sa wa lakabin Touring, yana farawa ne daga ƙafa 11 da rabi zuwa ƙafa 14, bakinsa kuma mai tsini ne. Dalilin tsawon a kimiyyance yake: gwargwadon tsawon jikin jirgi a cikin ruwa, gwargwadon saurin da zai iya yi ba tare da wahala ba, kuma dogon jiki ya fi riƙe hanya miƙe. Ƙafa 12 da inci 6, wato mita 3.81, shi ne tsaka-tsakin da ya dace da yawancin mutane. Mai ƙafa 14 ya fi gudu da ɗaukar kaya, amma juya shi sai da ƙwarewa.

Faɗi kuwa shi ne tsayuwa. Allunan tsere sukan yi ƙasa da inci 26, sabon hannu ba zai daɗe a kansu ba zai faɗa ruwa. Na tafiya suna tsakanin inci 28 da 32. Sabon hannu, ko mai jiki, ko wanda zai shiga ruwa mai raƙuma, gara ya ɗauki inci 30 zuwa 32. Siririn allo ya fi gudu a takarda, amma wanda ƙafafunsa ke karkarwa yana fafutukar tsayuwa ba zai ci moriyar gudun ba.

Lamba ta ƙarshe da za a nema ita ce lita, wato girman cikin allon. Kowace lita ɗaya tana iya ɗaga kusan kilo ɗaya a ruwa. Allunan tafiya masu kaurin inci 6 sukan kai lita 300 ko fiye, amma wannan ba ya nufin a ɗora musu kilo 300, domin tun kafin nan sun nutse sun daina tafiya. Abin dubawa shi ne nauyin da kamfani ya rubuta. A nan ne mutane ke kuskure, su lissafa nauyin jikinsu kawai. Mai kilo 75 da ya ɗauko jakar kilo 15 da ruwan sha lita 5 ya zama kilo 95. Allon da aka rubuta wa kilo 100 ya yi masa kaɗan.

Mai iska ko mai tauri?

Allo mai tauri da soso mai ƙarfi ake yinsa, a lulluɓe shi da faiba ko kabon. Ya fi santsin tafiya, kuma iska ba ta cika wasa da shi ba tunda yana ɗan shiga cikin ruwa. Matsalarsa ita ce ajiya da ɗauka: yana buƙatar wuri mai tsawon mita huɗu da mota mai abin ɗaura kaya a sama, kuma yana tsagewa idan ya bugi dutse.

Mai iska kuwa naɗe shi ake yi a sa a jakar goyo, nauyinsa galibi kilo 9 zuwa 12. Fasahar da ta sa ya yiwu a cikinsa take: dubban zaruruwa ne suka haɗa fatar sama da ta ƙasa. Idan aka hura iska, zaruruwan sai su miƙe su hana shi kumbura kamar balan-balan, ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri. Yawancinsu suna son iska tsakanin PSI 15 da 20, kusan rabin abin da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota.

Bambancin mai araha da mai tsada yana cikin fatar. Mafi araha fata ɗaya gare shi, yana da sauƙin ɗauka amma yana lanƙwasa a tsakiya, kuma allon da ya lanƙwasa jan ruwa yake yi. Na gaba fata biyu ne da aka manne da gam, mai ƙarfi amma mai nauyi. Na zamani da zafi ake narkar da fatun biyu su haɗe, sai ya zo da ƙarfi ba tare da nauyin gam ba. Wasu kamfanoni suna ƙara dabara: Red Paddle Co na Birtaniya yana zura siraran sanduna a gefen wasu allunansa don hana lanƙwasa, Starboard kuma yana da masu ɗakin iska biyu, ta yadda idan ɗaya ya huje ɗayan zai riƙe mutum.

Ɗakin iska na biyu ba ado ba ne. A dokar Faransa, allo mai iska da bai wuce mita 3.5 ba, ko mai ɗakin iska ɗaya tak, kayan wasan bakin teku ne, iyakarsa mita 300. Sai wanda ya wuce wannan tsawo kuma yake da ɗaki biyu ake bari ya yi nisan mil biyu na teku, kimanin kilomita 3.7, daga wurin da zai iya fakewa. A Amurka ma, tun 2008 hukumar tsaron gaɓar teku ta ɗauki wannan allo a matsayin jirgin ruwa muddin ya fita daga wuraren ninƙaya da wasa, don haka dokar rigar kariya ta hau kansa.

Mai allon iska ya kiyayi abu biyu. Na farko zafi: iskar ciki tana faɗaɗa idan ta ɗumama, allon da aka cika aka bari a rana kan yashi yana iya ɓallewa ta gefe. A rage masa iska ko a kai shi inuwa. Na biyu, saboda rashin nauyinsa da yadda yake zama a saman ruwa, iska ta fi saurin kwasarsa.

Abin da ke cikin jakar

Shaguna sukan haɗa allo da filafili da famfo a farashi ɗaya, kuma a filafilin ake rage tsada. Na alminiyom yakan kai kusan kilo ɗaya, na kabon kuwa kusan rabin haka. Wanda ke tsoma filafili sau 40 a minti zai ɗaga shi sau 2,400 a awa guda, kafaɗa kuwa ba ta mantuwa. Tsawonsa ya ɗara kan mai shi da kamar santimita 15 zuwa 20.

A ƙarƙashin allon akwai fiffike mai kama da na kifi, shi ke hana shi karkacewa. Dogo ya fi riƙe hanya a tafki da teku, gajere ya fi dacewa da kogi marar zurfi. Yana da kyau a zaɓi allo mai gurbin fiffike irin na gama-gari, wanda ake kira US box, domin idan ya karye za a sami madadinsa a ko'ina. A kuma duba ragar roba ta ɗaure kaya, gaba da baya. Hura allo da famfon hannu yakan ci minti 5 zuwa 10 da gumi. Akwai famfon lantarki mai aiki da batir ko soket ɗin mota, wanda ke tsayawa da kansa idan ya kai adadin da aka saita masa.

Igiyar talala: mai ceto, mai kisa

Galibi allo yana zuwa da igiya da ke haɗa shi da mai hawa, kamar talala. A tafki da teku ita ce rai, domin idan mutum ya faɗi, iska tana tafiya da allon fiye da saurin ninƙayarsa. Amma a ruwa mai gudu lissafin ya sauya. A Agustan 2020, wani mutum ya rasa ransa a mashigar Kogin Camel da ke Cornwall a Ingila, bayan igiyar idon ƙafarsa ta sarƙe a wurin ɗaure jirgi, ƙarfin ruwa ya danne shi. Shi ya sa hukumomin wasan a Birtaniya ke cewa a kogi ko inda ruwa ke gudu a yi amfani da ɗamarar ƙugu mai kwancewa da fizga ɗaya. Hannu yana kaiwa ƙugu ko da ruwa na jan mutum, amma ba ya kaiwa idon ƙafa. Ita wannan ɗamara ba kasafai take zuwa a cikin jakar ba, daban ake sayenta.

Wayar hannu ma kayan tafiya ce

Ƙungiyar ceto ta RNLI, mai aiki a gaɓar Birtaniya da Ireland, tana maimaita shawara huɗu: rigar kariya, igiyar da ta dace, kauce wa iskar da ke kaɗawa daga tudu zuwa teku, da waya a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Jakar a jikin mutum za ta kasance, ba a kan allo ba, domin allon na iya tafiya ya bar shi. Kada alamar IP68 ta ruɗi kowa: a ruwan daɗi ake wannan gwaji, ba na gishiri ba, kuma fuskar waya ba ta jin yatsa sosai idan ta jiƙe.

Kafin a fita, manhaja irin Windy tana nuna ƙarfin iska da inda ta dosa awa bayan awa. Mai tuƙi na yau da kullum yana yin kilomita 4 zuwa 6 ne a awa, jikinsa kuma a tsaye tamkar filafilan jirgin iska yake, yana tare duk abin da ya kaɗo. Don haka masu koyarwa da yawa kan ce sabon hannu ya haƙura idan iska ta kusa kilomita 20 a awa. Dabarar ƙwararru ita ce a fara tafiya ana fuskantar iska, ta yadda za ta turo mutum gida lokacin da ya gaji. Idan kuma ta fi ƙarfinsa, ya durƙusa ko ya kwanta a kan allon ya yi tuƙi da hannu, kada ya sake shi.

WhatsApp yana ba da damar tura wa wani inda mutum yake kai tsaye har na awa 8, muddin akwai sabis. Inda babu, wayoyin iPhone 14 zuwa sama suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam, amma a wasu ƙasashe kawai. Masu yin nisa sosai sukan ƙara da na'ura irin Garmin inReach.

Yadda za a raba kuɗin

Ga mai matsakaicin jiki da zai yi yawo a tafki, ko kogi mai natsuwa, ko kusa da gaɓar teku, allon iska mai ƙafa 12 da inci 6, faɗin inci 30 zuwa 32, mai fata biyu, zai wadatar da shi shekaru. Mai wurin ajiya kusa da ruwa, wanda gudu ya dama, shi ne zai amfana da mai tauri. Idan da hali a yi hayar iri biyu ko uku a gwada kafin a saya, domin minti 20 a kan ruwa ya fi bidiyon talla goma.

Idan kuma kuɗin ba su kai ba, a sassauta a kan allon. A fara ware na rigar kariya, da ɗamarar ƙugu, da jakar waya, abin da ya rage shi ne kuɗin allo.