Binciken Masana Da Amfaninsa Ga Talakawan Ƙasar Illela

An rubuta wannan takarda ne domin iyayen ƙasa, watau hakimai, da malamansu masu riƙe da littattafan ofis, musamman na ƙasar Illela da maƙwabtanta, Gwadabawa da Gada. Dalilin rubuta ta kuwa shi ne, sau da yawa akan ga baƙi sun sauka a ƙofar hakimi da mota, ɗauke da takarda daga jami'a ko daga wata ma'aikata, suna roƙo a ba su ɗan fili su yi gwaji, ko a tara musu mata masu goyo, ko a gaya musu yawan yaran da suka yi rashin lafiya da damina. Hakimi yakan karɓe su da mutunci, gama baƙi ne. Amma in sun tafi sai a ji jama'a na tambaya, shin me mutanen nan ke nema, me kuma talaka zai samu a ciki? Tambayar tana kan hanya, ya kuwa kamata a amsa ta.

Bincike iri biyu ne. Akwai wanda masani ke yi don ya gane yadda Allah ya tsara halitta, ko da ba a ga amfaninsa nan da nan ba. Akwai kuma wanda ake yi don a kau da wata wahala da ke damun mutane, kamar ƙwaro a rumbu, ko zazzaɓi a jikin yaro, ko tsadar mai ga mai noman rani. Na biyun nan shi ne zancenmu. Irinsa ba ya kammala a ɗakin gwaji. Sai an kai shi gonar talaka da gidansa an gani ko ya yi ko bai yi ba, a nan ne fa aikin ya biyo ta hannunku.

Wuraren da ke wannan aiki ba su da nisa da mu. A Samaru ta Zariya aka kafa gonar gwaji tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, daga can ne ake fitar da ingantaccen irin dawa da gyaɗa da wake da masara. Binciken gero yana hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri. A Sakkwato, kimanin mil 50 kudu da Illela, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da asibitin koyarwarta, da Cibiyar Binciken Makamashi da aka buɗe a 1982. A ƙetaren iyaka kuma Jamhuriyar Nijar tana da tata cibiyar binciken noma, da babban reshe a Maraɗi. Ƙasar Illela da ta Birnin Ƙonni yashi ɗaya ne, damina ɗaya, saboda haka abin da aka gwada a can yakan dace da nan fiye da abin da aka gwada a Ibadan.

Buhun wake

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi tun daga tushe, don a ga yadda aikin ke tafiya. Kowane manomi ya san in ya ajiye wake wata biyu ko uku sai ƙwaro ya huda shi ya mai da shi gari. Don haka yakan sayar da kaka, lokacin da wake ba shi da daraja, ya komo ya saya da tsada da bazara. Wanda ya ƙi sayarwa kuwa yakan zuba maganin ƙwari mai guba a cikin buhu, an kuwa sha jin labarin iyali da suka ci irin wannan wake suka kwanta. Har a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a cikinsa.

Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru da na Maraɗi, suka lura da wani abu mai sauƙi: ƙwaro ma numfashi yake yi. In an toshe wake a inda iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, sa'an nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Kakanninmu sun san wani abu na wannan, shi ya sa suke liƙe bakin tulu da laka. Abin da bincike ya ƙara shi ne awo: kaurin ledar da za ta riƙe iska, da yawan ledojin da ake bukata. Aka tsaya a kan buhu mai riɓi uku, ledoji biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Shi ake kira PICS. A 2007 aka soma yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma, har aka riƙa ƙera shi a Kano.

Yadda aka yaɗa shi abin lura ne ga hakimai. Ba a ce wa kowa ya yarda da baki ba. Akan je ƙauye da kaka, manoma su kawo wakensu, a ɗaure a gaban jama'a, a bar shi wata huɗu zuwa shida, kana a sake taruwa a kwance a gaban mai gari kowa ya sa hannu ya duba. Wanda ya gani da idonsa ba ya bukatar wa'azi.

Amma fa buhun yana da sharuɗɗa, waɗanda ke cewa bai yi musu aiki ba galibi a nan suka yi kuskure. Dole wake ya bushe sarai, a sheƙe shi a fid da tsakuwa da ƙaiƙayi, don kada su huda leda. A matse iskar da ke ciki, a ɗaure kowace leda dabam, kada a haɗa bakinsu a ɗaure gaba ɗaya. A ɗora buhun bisa katako, nesa da bango, saboda ɓera. Kada uwargida ta riƙa buɗewa kullum tana ɗiban na miya. Wanda za a ci a ware shi tun farko. Kuma ba a zuba masa magani ko kaɗan.

Gero da ƙasa

Game da gero, irin da ake kira SOSAT, wanda aka ba manoman Nijeriya a 2000, yana nuna da wuri, abin da ke da amfani ƙwarai a ƙasar da ruwa kan ɗauke tun watan Satumba. Duk da haka kansa bai kai na zango tsawo ba, manomi kuwa da dami yake lissafi, yana kuma duban kara don dabba da danni, uwargida tana duban yadda zai yi a fura. Masani ba zai san waɗannan ba sai an gaya masa. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a shuka sabon iri kunya da kunya kusa da na gado, a gona ɗaya, taki ɗaya, a auna abin da kowanne ya bayar.

Ba kullum ne dabara ke fitowa daga jami'a ba. Akwai wata Illela a Nijar, cikin jihar Tawa, takwarar tamu. A 1989 aka kai waɗansu manomanta Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako da rani, a zuba taki cikin kowanne, ruwan farko ya taru a ciki a shuka gero. Suka komo suka yi, suna kiransa tassa, har fako ya zama abin saye. A ƙasar Maraɗi kuma tun wajen 1984 manoma suka soma barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sassabe shi, watau sassaben zamani, gawo da sauran itatuwa suka komo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. A waɗannan biyu manoma ne suka yi gaba, masana suka biyo baya da awo.

Zazzaɓi da sanƙarau

Wani lokaci amfanin bincike shi ne ya ce a'a. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi babban gwaji a ƙasar Garki, wadda yanzu ke cikin Jihar Jigawa. Aka fesa magani a ɗakuna, aka raba ƙwayoyi ga jama'a, don a ga ko za a iya raba ƙasa irin tamu da zazzaɓin cizon sauro gaba ɗaya. Cutar ta ragu ƙwarai, amma da aka daina sai ta komo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne sauro da yawa ba sa kwana a bangon ɗaki inda maganin yake. Sanin wannan ya hana a ci gaba da zuba dukiya a hanyar da ba ta ɓullewa.

Daga baya masana suka juya tunani. Tun da a ƙasashen Sahel yawancin zazzaɓi a wata huɗu na damina yake zuwa, yara ƙanana ne kuma ya fi kashewa, me zai hana a tsare yaran a wannan ɗan lokaci? Aka gwada a Senegal da Gambiya da Mali da Burkina Faso, aka ga zazzaɓi ya ragu da kimanin kashi 75 cikin 100 ga yaran da suka sha. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, aka soma a Katsina a 2013, ya iso Jihar Sakkwato a 2015. Ana ba yaro daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata, kwana uku a jere. Ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage yakan bar wa uwa.

A nan ne matsalar take. Uwa takan ga yaro lafiya lau, ta ce me zai yi da magani, ta adana sauran sai ranar da ya kwanta. Wata kuma takan raba wa yayyensa. Yin haka ya ɓata aikin, gama maganin tsari ne, rabinsa kuwa ba ya tsarewa. Kalma guda daga hakimi zuwa dagatai da masu unguwa da limamai ta fi takardar sanarwa ɗari.

Sanƙarau kuwa dattawa ba su manta da annobar 1996 ba. Ƙwayar cutar iri-iri ce. Allurar da aka soma a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta shigo Nijeriya a 2011, ta kusan kawar da irin da ake kira A. Sai ga shi a 2017 wani iri, C, ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina, wanda waccan allura ba ta tsare shi. Ba a gane haka ba sai da aka ɗebi ruwan bayan majinyata aka auna. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai tsare iri biyar. Duk wannan ya dogara ne ga saurin kai labari. An rufe iyakar Illela a 2019, an sake rufewa a 2023, amma hunturu da ƙura da sauro ba su tsaya a shinge ba. In aka ji cuta a Ƙonni, a ɗauka ta iso.

Hasken rana

Cibiyar Sakkwato ta ƙera abubuwa da dama: na'urar dafa abinci da zafin rana, da ta busar da kayan lambu, da murhu mai rage cin itace, da ramin da ke fid da iskar girki daga kashin shanu. Ta kuma sa wa ƙauyen Kwalkwalawa lantarki na hasken rana don gwaji. Ba duka suka shiga gidaje ba. A ganina na'urar girki ta gamu da tuwo ne: da maraice ake tuƙa shi, rana ta yi sanyi, ana kuma bukatar wuta mai ƙarfi da muciya. Farantin da ke mai da haske lantarki kuwa ya karɓu, don ya zo daidai da bukata. Shi ke riƙe firjin allurar rigakafi a ɗakin shan magani inda babu wuta, tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuma masu noman albasa da rani sun ƙara sha'awar famfo mai aiki da shi.

Abu biyu ya kamata a faɗa wa masu saye. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, sai ana share shi da tsumma mai laushi, a kuma kafa shi yana ɗan karkata kudu. Na biyu, famfon da ba ya shan mai yakan sa mutum ya manta ruwan ƙasa yana da iyaka. Mutanen Kalmalo sun ga yadda tafkinsu ya ja baya, ba sai an ba su labari ba. Kafin rijiyoyin burtsatse su yi yawa a fadama ɗaya, ya kamata a nemi masana su auna zurfin ruwan rani da damina.

Abin da ake roƙon ofishin hakimi

In masu bincike suka zo, hakimi yana da iko ya tambayi takardarsu, da wurin da suka fito, da izinin da hukuma ta ba su, musamman in aikin ya shafi jikin mutum. Ba a ɗibar jinin kowa ko a ba shi magani na gwaji sai an bayyana masa da harshen da yake ji, ya kuma yarda. Wanda ya ƙi ba a tilasta masa. Ya kuma dace a ɗauki alkawarinsu za su komo su faɗi abin da suka gano, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Filin gwaji kada a zaɓi gonar da ta fi kowace kyau don a faranta wa baƙi rai, a ba su irin gonar da yawancin talakawa ke nomawa. Malamin hakimi kuma ya buɗe littafi guda don wannan aiki, ya riƙa rubuta ranar ruwan shuka, da ranar da ruwa ya ɗauke, da damman da gonar gwaji ta bayar da na gonar da ke kusa da ita, da haihuwa da mutuwa na kowane ƙauye. In dami goma aka samu a rubuta goma, kada a ƙara don kunya, kada a rage don tsammanin agaji. Inda ba a ƙidaya ba a bar gurbin fili. Labarin cuta mai yaɗuwa kuwa, irin sanƙarau ko ƙyanda ko amai da gudawa, a aika da shi ga malamin asibiti na ƙaramar hukuma a ranar da aka ji shi, kada a jira rahoton ƙarshen wata.