Ciwon Marar Da Ake Rainawa: Endometiriyosis Da Haɗarin Sankarar Gidan Ƙwai

Babu babin fiƙihu da tambayoyin mata suke taruwa a kansa kamar babin haila. Duk limamin da yake amsa tambayoyi bayan karatu ya san irin takardun da ake turowa daga sashen mata, a naɗe, babu suna: jini ya wuce kwanakinsa, ya ɗauke ya sake dawowa, shin a yi sallah ko a dakata? Amsar sananniya ce tun daga Ahlari. Mai al'ada za ta ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba, matuƙar ba ta haura sha biyar ba, abin da ya wuce haka kuwa jinin ciwo ne, sai ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Wannan amsa ta warware matsalar sallah da azumi. Amma ciwon da ya sa aka kira jinin da wannan suna yana nan inda yake, kuma warware shi aikin likita ne.

Daga cikin cututtukan da ke ɓoye a bayan irin waɗannan tambayoyi akwai wadda likitoci ke kira endometiriyosis. Mahaifa tana da wata shimfiɗa a cikinta, wadda take kauri kowane wata domin tarbar ciki, idan cikin bai samu ba ta zube ta fita, shi ne jinin haila. A wannan cuta, wani nama mai kama da wannan shimfiɗa yakan tsiro a wajen mahaifa: a kan gidan ƙwai, wato 'yan gaɓoɓin nan biyu na dama da hagun mahaifa da ke fitar da ƙwan haihuwa, ko a bututun da ƙwan ke bi, ko a bangon mara, wani lokaci har kan hanji da mafitsara. Wannan nama yana bin zagayowar wata kamar yadda na cikin mahaifa yake bi, sai dai abin da ya zubar ba shi da ƙofar fita. Daga nan kumburi yake farawa, sai tabo, sai gaɓoɓi su manne da juna.

Babbar alamarta ciwo ce. Ciwon mara mai kwantar da mace lokacin haila har ta kasa zuwa makaranta ko tsayawa a madafa, zafi yayin saduwar aure, zafi wajen bayan gida ko fitsari musamman a kwanakin al'ada, kumburin ciki, kasala, wasu kuma da zubar jini mai yawa ko ɗigonsa tsakanin haila da haila. Tana daga cikin manyan dalilan jinkirin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa, kimanin mutum miliyan 190. A makarantar Islamiyya mai ɗalibai mata ɗari biyu da suka balaga, wannan lissafi yana nufin ana maganar mutum ashirin ko kusa da haka.

Abin da ya sa muka ɗauko batun a yau shi ne maganar da ta yaɗu cewa wannan cuta tana kai mace ga sankara. Maganar tana da asali, amma yadda ake faɗarta yana jefa tsoro fiye da abin da hujja ta tabbatar.

Tun a 1925 wani likitan mata Ba'amurke mai suna John Sampson ya rubuta bayanin sankarar da ta tsiro a gidan ƙwai daga cikin irin wannan nama. Shi ne kuma a 1927 ya kawo ra'ayin cewa jinin haila yakan koma baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin mara, ra'ayin da har yau ake karantar da shi a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin samuwar cutar. An daɗe ana jayayya a kan girman alaƙar. A 2012 mujallar Lancet Oncology ta wallafa nazarin da ya haɗa bincike 13, aka ga cewa alaƙar ba ta game dukkan nau'o'in sankarar gidan ƙwai ba. Nau'in da ake kira mai garai-garan ƙwayoyi, saboda yadda ƙwayoyinsa suke bayyana a madubin likita, haɗarinsa ya ninka kusan sau uku ga masu cutar. Nau'in da ke kama da shimfiɗar mahaifa ya ninka kusan sau biyu. Amma nau'in da ya fi yawa kuma ya fi kisa, wannan nazari bai ga ƙaruwarsa ba.

A watan Yulin 2024 mujallar JAMA ta fitar da wani bincike daga jihar Yuta ta Amurka, wanda ya duba bayanan mata sama da 450,000, cikinsu kusan 79,000 masu endometiriyosis. Sakamakonsa ya fi na baya nauyi: haɗarin ya ninka sau huɗu da ɗoriya. Ga waɗanda cutar ta nutsa cikin nama sosai, ko ta yi musu jakar jini a gidan ƙwai, ya kai kusan ninki goma. Wannan adadi ne jaridu suka ɗauka, shi ne kuma ya iso wayoyin matanmu.

A nan ake buƙatar natsuwa da lissafi. Ninki yana da ma'ana ne gwargwadon abin da aka ninka. Wanda ke da buhu ɗaya aka ninka masa sau huɗu, bai kai mai rumbu ba. Sankarar gidan ƙwai ba cuta ce mai yawan aukuwa ba. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, a jagorar da ta fitar a 2022, ta nuna cewa a cikin mata 1,000 kimanin 13 ne za su gamu da ita a tsawon rayuwarsu, a cikin masu endometiriyosis 1,000 kuma kimanin 25. Saura 975 ba za su taɓa ganinta ba. Ko a binciken Yuta, ƙarin da aka samu bai wuce mata 10 a cikin kowace 10,000 ba a shekarun da aka bibiye su. Domin kwatance, matar da ta gaji canjin nan na ƙwayar gado da ake kira BRCA1, haɗarinta yana kaiwa wajen kashi 40 cikin 100. Tsakanin kashi biyu da rabi da kashi arba'in akwai tafiya mai nisa. Don haka endometiriyosis ba sankara ba ce, ba kuma mafarin sankara ba ce ga mafi yawan masu ita. Wanda ya tura wa 'yar'uwarsa saƙon ninki goma bai haɗa mata da wannan bayani ba, ya tsoratar da ita a kan rabin labari, kuma tsoratar da mumini ba ƙaramin abu ba ne a shari'a.

To me yake haɗa su? Idan cutar ta kama gidan ƙwai, takan yi jaka mai tara tsohon jini, baƙi-baƙi mai kauri kamar narkakken cakulan, har likitoci suna yi mata laƙabi da shi. Tsohon jini yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai yawa, shi kuma idan ya daɗe a wuri guda yana lahanta ƙwayoyin da ke bangon jakar, ga kumburin da ba ya ƙarewa, ga sinadarin mata na estirojin da ke ƙara musu girma. Shekara bayan shekara ana ɓarna ana gyara, sai wata ƙwaya ta yi kuskure wajen kwafar kanta. A 2010 masu bincike a Kanada suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna ARID1A, wadda aikinta taka wa tsiro birki, ta lalace a kashi 46 cikin 100 na nau'in mai garai-garan ƙwayoyi da suka duba, da kashi 30 na ɗaya nau'in. A wasu marasa lafiyar sun ga irin wannan lalacewa a naman endometiriyosis da ke manne da sankarar. Wannan ya sa idon likita ya fi tsayawa a kan mai jakar jini, musamman idan jakar babba ce, ko kamanninta ya sauya a hoto, ko mai ita ta doshi shekarun ɗaukewar al'ada.

Abin da ya fi damun mu a gidajenmu shi ne jinkiri. A Ingila, da duk yawan asibitocinta, mace takan shafe sama da shekara takwas tsakanin fara jin ciwo da sanin sunan abin da ke damunta. A wurinmu kuwa hanyar ta fi karkacewa. Yarinya tana murƙususu, uwa ta ce haka kowace mace take yi, idan ta yi aure zai daina. Ta yi auren bai daina ba, sai a ce idan ta haihu. Haihuwar ta yi nawa, sai a ce sanyi ne, a shiga sayen ƙwayoyi a kemis da jiƙe-jiƙe, daga nan a koma zargin kishiya ko aljani. Ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce, addu'a kuwa ba ta da madadi, amma babu ɗayansu da ya hana a ɗauki hoton ciki. Ciki da shayarwa sukan sassauta ciwon na ɗan lokaci ga wasu, sai dai ba magani ba ne, kuma bai dace a aurar da yarinya da sunan yi mata magani ba.

Sahabbai mata ba su ɓoye irin wannan lalura ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ta zo da kanta ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da jinin da ba ya ɗauke mata, ya bayyana mata cewa daga jijiya yake, ba haila ba ne. Ya mayar da abin ga sababi na jiki, bai ce mata maita ko sammu ba. Ummu Habiba 'yar Jahshi ta yi shekara bakwai tana fama da shi, kuma labarinta ya iso gare mu ne domin ta yi tambaya. Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar a kan cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini. Kunyar da za ta sa mace ta ɓoye wa likita ciwon da ke cin ta, ba ita ce kunyar da Musulunci ya yaba ba.

Ga maigida akwai magana ta musamman. Matar da take ƙin shimfiɗa saboda zafin da take ji, marar lafiya ce, ba mai tawaye ba, kuma cutarwa abin gusarwa ce a ƙa'idar fiƙihu. Kafin a kai ƙararta wurin waliyyi, a kai ta wurin likitan mata. Haka idan haihuwa ta yi jinkiri, a gwada su duka biyun. Game da wanda zai duba ta, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jera matakai: likita mace Musulma, in babu sai wata mace amintacciya, in babu sai namiji, tare da miji ko muharrami ko amintacciyar mace, kuma a buɗe gwargwadon buƙata kawai. Rashin likita mace a gari bai zama uzurin barin ciwo ba.

A asibiti akan fara da tambayoyi da hoton ciki. Wani lokaci sai an yi ƙaramar tiyata ta leƙawa da 'yar kyamara ta cibiya kafin a tabbatar. Magani ya haɗa da masu rage zafi, da na daidaita sinadaran mata, da tiyatar cire jaka ko naman da ya tsiro. Cikin magungunan akwai ƙwayoyin da aka fi sani da na tazarar haihuwa, abin da kan sa wasu magidanta su ja baya. Ya kamata a san cewa a nan magani ne ake sha. Wani babban nazari da Lancet ta wallafa a 2008 ma ya nuna cewa kowace shekara biyar ta shan su tana rage haɗarin sankarar gidan ƙwai da kusan kashi 20 cikin 100. Suna da nasu illolin ga wasu mata, shi ya sa likita ne zai rubuta, ba maƙwabciya ba. Haihuwa da shayarwa su ma suna rage wannan haɗari.

Wasu da tsoro ya kama sukan nemi a cire musu gidan ƙwai gaba ɗaya su huta. Cire shi ga mace mai ƙuruciya yana yanke haihuwa, yana kawo ɗaukewar al'ada kafin lokaci, yana raunana ƙashi, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta yanke haihuwa na dindindin sai da lalura, ta kuma halatta tazara ta ɗan lokaci da yardar ma'aurata. Kashi biyu da rabi cikin ɗari shi kaɗai bai kai lalura ba. Idan kuwa ƙwararru suka ga abin tuhuma a jikin wata mace ta musamman, hukuncinta ya sauya, ceton rai ya rinjayi neman zuriya.

Babu gwajin shekara-shekara da aka tabbatar yana kare mai lafiya daga wannan sankara. Gwajin jini na CA-125 yakan hau ko ga mai endometiriyosis da ba ta da komai, kuma wani bincike a Birtaniya da ya haɗa mata sama da 200,000, wanda sakamakonsa na ƙarshe ya fito a 2021, bai ga raguwar mace-mace ba ta hanyar tantancewa. Abin da ya rage shi ne lura da jiki. Kumburin ciki da ba ya sauka, saurin ƙoshi bayan loma kaɗan, ciwon mara da ya sauya salo, yawan fitsari, ramewa ba dalili: idan waɗannan suka riƙa maimaituwa fiye da sau 12 a wata, musamman ga wadda ta haura hamsin, ko wadda aka taɓa samun sankarar mama ko ta gidan ƙwai a danginta, to a garzaya sashen mata na babban asibiti cikin makon. Haka jinin da ya dawo wa dattijuwa bayan al'adarta ta ɗauke da shekara guda. Idan irin wannan takarda ta iso hannun malami, bayan ya faɗi hukuncin sallarta, ya ƙara mata da cewa ta ga likita kafin Juma'a ta zagayo.